Ƙarfen Wanzami da Bokitin Ƙanƙara

Sau uku aka ɗora wa matata ƙarfe mai wuta a baya, kuma duk ukun ni na danne mata ƙafafu. Da wannan na fara, don kada in ɓoye shi a tsakiyar labari inda mai karatu zai wuce bai lura ba.

A ƙauyenmu, gabas kaɗan da Maijirgi, mai haƙuri ake ce mini. In shanu sun shiga gonar wani ana neman wanda zai yi magana ba a zub da jini ba, ni ake turawa. Na daɗe ina jin daɗin wannan shaida. Yanzu in an yi mini ita sai in ji kunya, domin na gano yawancin haƙurin nan da jikin wata na yi shi.

Abin ya faro ne daga bayana. Wata kaka ina ɗora damin gero a amalanke, na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna. Wata biyu ina rarrafe zuwa alwala. Yayana, wanda ke riƙe da gandunmu tun rasuwar mahaifinmu, ya kira wanzami ya yi mini lalas. Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi: ɗan ƙarfe ne mai kai kamar na ƙusa, a tura shi cikin gawayi har ya yi ja, a dangwala a kan fata daidai inda ke ciwo. Wuri uku ya dangwala mini. Wallahi kafin ƙaurin fatata ya bar hancina, ciwon ƙugun ya ɓace, sai zafin ƙuna kaɗai. Na miƙe tsaye gaban mutane. Washegari ciwon ya dawo, amma na riga na ga ikon ƙarfe, kuma bayan 'yan makonni na warware gaba ɗaya. Daga ranar na zama mai shelar wanzami ba tare da ya sa ni ba. Ko a kasuwa aka yi zancen ciwon baya, sai in ɗaga riga in nuna tabo.

Nata ciwon ba irin nawa ba ne. Bayan ta yaye autarmu ya soma, a kafaɗu, ya sauko baya, ya shiga cinyoyi. Ba kumburi, ba zazzaɓi. Takan tashi da safe ta ce kamar an kwana ana kirɓa ta a turmi. Na kai ta likita, wato asibiti, a Tasawa, aka ɗebi jini, aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ce ba a ga kome ba, aka ba ta ƙwayoyi. Ta shanye, ciwo na nan.

To tunda ba a ga kome ba, sai aka samu abin faɗa. A bakin rijiya aka sa mata suna mai raki. Wasu suka ce son jiki ne, ta ga ɗiyanta mata sun yi aure, daka ta dawo kanta, shi ne take neman hanya. Matar da ke surfe da daka da jan guga, tana yi tana cije leɓe, ita ce mai son jiki. Ina jin maganganun nan, ban taɓa tanka wa kowa ba.

Yaya ya ce a sa ƙarfe. Ban yi gardama ba, ni da ke yawo da shaida a baya. Da aka dangwala mata, wuri uku kamar ni, ta yi ƙarar da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba, ko a haihuwa. Wanzami ya ce ciwon ne ke fita. Kwana huɗu ba ta iya sa riga ba, sai zane ta yafa. A rana ta biyar ta ce da ni, “Malam, abin nan ƙaruwa ya yi.”

Na ce, “Ki daure. Ni ma haka na ji da farko.”

Ƙarya na yi mata. Ban ji haka ba. Na faɗa ne don ta yi shiru.

Bayan shekara aka sake, aka ce na farko bai kai jijiyar ba. Bayan wata shekarar aka yi na uku. Kowane karo takan gaya mini ƙaruwa ya yi, ni kuma in ce a raina mata ba su da dauriyarmu.

Ranin da za a yi na huɗu shi ne ranin da na shiga karatun yaƙi da jahilci a Maijirgi, a wata rumfar zana kusa da kasuwa. Mun fi goma, duk masu furfura. Mai koya mana tsohon majo ne, wato ya shugabanci ƙaramar likita shekaru da yawa kafin ya yi ritaya, shi ya sa har yau Majo muke ce mishi. Mutum ne mai tsokana. Ran Litinin bayan an tashi na same shi yana goge allo, na ce ran Alhamis ba zan samu zuwa ba.

Ya ce, “Kai da ko ruwa ake da ƙanƙara sai ka zo? Jakinka ne zai yi aure?”

Na ce wanzami ne zai zo yi wa maiɗakina lalas.

Ya aje tsumman. “Karo na nawa?”

“Na huɗu.”

“Ukun farko sun yi mata amfani?”

Na fara ba shi labarin bayana, har na kai hannu zan ɗaga riga. Ya ce, “Bar rigarka, Malam, ba naka na tambaya ba. Ita mi ta ce?”

Na saki rigar. Sannan na ce ta ce ƙaruwa yake yi.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in na yarda zai zo gidana ran Laraba da la'asar, akwai abin da yake so in gani da idona.

Ya zo a kan tsohuwar motonshi, wato babur, da kula ɗaure a baya cike da ƙanƙarar leda da ya sayo daga Tasawa. Lokacin bazara ne, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Na yi mishi iso tsakar gida, matata ta yi lulluɓi ta zauna gefen tabarma. Ya sa na kawo bokiti da ruwa, ya farfasa ƙanƙarar a ciki. Ya ciro maƙalin shanya daga aljihu, irin ɗan itacen nan mai baki da matan birni ke kama wanki da shi a igiya. Sannan ya ce a ƙirgo gyaɗa goma a faifai.

Ya ce, “Ɗaya cizon sauro. Goma, zafin da za ka ce gara a ɗauki ranka. Abin da ka ji, ka ware gyaɗarshi. Kai za ka fara.”

Ya maƙala mini abin a fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, hannun hagu. Ɗan ƙaramin abu, amma yana da cizo. Ya duba agogo, ya ce in ware. Na ware biyu.

Ya ce, “Malam, ba gidan surukai ka zo ba. Ga idonka nan ya yi ja.”

Matata ta yi ɗan murmushi cikin mayafi. Na ƙara huɗu, suka zama shida.

Ya cire, muka huta. Sannan ya ce in tsoma hannun dama a bokiti har wuyan hannu. Ban taɓa sanin sanyi na da zafi haka ba. Kamar ana murƙushe mini ƙasusuwa, abin ya hau har gwiwar hannu. Ina cikin wannan ya mayar da maƙalin daidai inda ya sa da farko, ya jira, ya ce, “Manta da bokiti. Na hagun, nawa?”

Sai da na duba don in tabbata abin na nan maƙale. Yana nan. Na ware biyu, kuma wannan karon da gaskiya na ware.

Na yi dariya, na ce, “To ai ka ga maganar da nake yi. Zafi ke korar zafi. Aikin ƙarfe ke nan.”

Ya ce, “Haka ne, a jikinka. Yanzu saura ita, in ta yarda.” Ya juya wajenta. “Malama, ba dole. In ba ki so, a zubar da ruwan.”

Ta ce, “A yi. Na ga wanda ya fi shi.”

Ni ya miƙa wa maƙalin, tunda shi ba zai taɓa ta ba. Na maƙala mata. Ba ta yi ƙarya irin tawa ba, kai tsaye ta ware shida. Aka huta. Ta tsoma hannu a bokiti, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Na mayar da maƙalin, ina jira in ga ta ware biyu ko uku in ce to alhamdulillahi. Da Majo ya ce ta ware, ta cire hannu daga ruwan yana ɗiga, ta ja shida, ta ƙara biyu.

Na ce, “Ba ki gane ba. Na hagun ake tambaya.”

Ta ce, “Na hagun na ba ka.”

Majo ya ce a bari hannunta ya yi ɗumi, ya tambaye ta ko za ta iya sakewa. Ta sake. Takwas.

Sai ya gyara zama ya yi mana bayani, kuma zan rubuta shi yadda na riƙe. Ya ce Allah Ya sa wa jikin mutum wani abu kamar birkin moto. Saƙon ciwo na hawa ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuma na iya aiko da nata saƙon ƙasa ta rage ƙarfin mai hawowa. In babban zafi ya sauka a wani wuri, birkin nan kan kama, sauran ciwon jiki ya lafa na ɗan lokaci. Ya ce masu bincike kan gwada wannan a jikin mutanen da suka yarda, da ruwan sanyi irin wannan da na'urar danna fata, kuma sun ga a yawancin masu lafiya birkin na kamawa, amma a cikin masu daɗaɗɗen ciwon jiki akwai waɗanda nasu ya yi rauni. Irin waɗannan in ka ƙara musu zafi, ka ƙara ne kawai.

Ya ce, “Ka ji ni da kyau. Ni ba na'ura gare ni ba, bokiti ne da gyaɗa. Ban ce na gano cutarta ba, wannan aikin babbar likita ne. Amma abin da ƙarfe ke dogara da shi, yau ban gan shi a jikinta ba.”

Na ce, “To ni da ya warkar?”

“Ya lafa maka na yini guda. Irin ciwon ƙugunka sau da yawa da kanshi yake warwarewa in ya sami lokaci. Ka ba ƙarfe ladan da ba nashi ba.”

Haushi ya kama ni. Shi na fara huce wa, don shi ne kusa. Na ce tun yaushe ya san wannan? Ya ce ya jima. Na ce ya jima, yana zaune cikinmu, ana ƙona mutane gida-gida, bai taɓa buɗe baki ba? Rediyo kullum tana mana zancen taki da gidan sauro, ba wanda ya taɓa cewa akwai jikin da zafi ba ya kore wa zafi. Masu boko sun rubuta abinsu da faransanci sun rufe a kabad, mu kuma ana mana dariya ana cewa jahilai. Ya bar ni na gama, ya ce, “Akwai gaskiyarka a ciki.” Ya ɗaure kularshi ya tafi.

Na dawo tsakar gida na tarar tana murza hannun a cinya. Na ce, “Ashe da gaske ƙaruwa yake yi.”

Ta dube ni. Mun shekara ashirin da ɗoriya tare, ba ta taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

Ta ce, “Shekara huɗu ina gaya maka da bakina. Bokiti ya gaya maka sau ɗaya ka yarda. Kuma ko yau sai da anka sa na ƙara shan wuya.”

Ta tashi ta kwashe gyaɗar ta mayar cikin buhu.

Ran Alhamis da hantsi suka iso. Wanzami da zabirarshi a kafaɗa, Yaya a gaba riƙe da kaskon gawayi, har ya riga ya hura. Maƙwabta biyu-uku na zaune a dakalin ƙofar gida kamar kullum. Na tsaya a bakin zaure, ban kauce ba.

Na gaishe su. Na ce, “Sarkin aska, ka yi haƙuri, na sa ka tattaki. An fasa.”

Yaya ya ce, “Wa ya fasa?”

“Ni, Yaya.”

“Kai da wa?”

Na yi ƙoƙarin ba shi labarin jiya, bokiti da maƙali da birki. Ina faɗa ina jin yadda abin ke fita daga bakina kamar wasan yara. Ɗaya daga cikin na dakali ya ce, “Gyaɗa kuma? Soyayya ko ɗanya?” Aka yi dariya.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, “Harafi nawa ka koya, da har kake gardama da ƙarfen da ya tashe ka? Ni na ɗauko ka kana jan gindi kamar gurgu. Wanga tsohon majo ina yake lokacin? Matarka ta gaji da aiki, ta samu mai ɗaure mata gindi, shi ke nan. Ba ni hanya, garwashi na mutuwa.”

Na juya ga wanzami na ce, “Sarkin aska, don Allah ka gaya mini gaskiya. Duk wanda ka sa wa ƙarfe yana jin sauƙi?”

Dattijo ne, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya gyara zabira ya ce, “A'a. Akwai jikin da ba ya karɓa. Tun wajen ubana na san haka.”

“Ka san haka, ka ƙona ta sau uku?”

Ya ce, “Kai ka aiko a kira ni. Kai ka riƙe ta. Da na tambaya bayan na farko, kai ka ce da sauƙi.”

Haka ne. Ya tambaya a kasuwa, na ce da sauƙi, don ina jin kunyar in ce matata ce kaɗai ƙarfe bai yi wa aiki ba. Na manta da wannan sarai sai da ya faɗa.

Yaya ya sa kafaɗa zai wuce ni. Tun ina yaro ban taɓa tsaya mishi a hanya ba. In ya ce a shuka gero a jigawa, gero ake shukawa. Akwai butar alwala a gindin bango. Na ɗauka na juye ta a cikin kaskon da ke hannunshi. Toka da tururi suka tashi suka ɓata mishi gaban riga.

Na aje butar. Na ce, “Ba wanda zai ƙara sa wa matar nan wuta. Wanda kuma ya ƙara ce mata mai raki, namiji ko mace, ya zo ya faɗa a gabana.” Na faɗa da ƙarfi, don a ji har bayan katanga inda na san ana saurare.

Yaya ya duba rigarshi, ya dube ni. Ya aje kaskon a ƙasa a hankali. Ya ce, “Gaban mutane.” Ya juya ya tafi. Wanzami ya yi mini sallama ya bi bayanshi.

Daga ranar Yaya ya daina cin tuwo da ni. Na je na ba shi haƙuri a kan rigar da kuma idon mutane, don wannan kam na yi laifi. Ya ce in kira wanzami ya dawo, sai a yi maganar haƙuri. Na ce wannan ba zai yiwu ba. Na koma har sau biyu da dattawan unguwa, amsarshi ba ta sauya ba, tawa ma haka. Kafin ruwan farko ya ce a raba gandu. Gonar da mahaifinmu ya bar mana a haɗe, aka ja mata igiya aka kafa duwatsu. Ni aka ba ɓangaren jigawa.

Ba zan ce ta warke ba. Majo ya rubuta mana takarda muka je babbar likita a Maraɗi, aka ba ta wani magani dabam, aka ce ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, ta rage ɗaukar nauyi, ta samu barci. Wasu ranakun da dama-dama, wasu kuma kamar da. Ni ke kai hatsi injin niƙa yanzu, ni ke ɗebo ruwa da jaki, kuma na san sunan da ake kira na da shi a bayan idona. In na ga tabon nan tara a bayanta, haushin yakan dawo sabo, kuma ba na samun wanda zan ɗora wa in ba ni ba.

Da ruwa ya sauka muka fita shuka mu biyu, ina sara da sungumi tana bi tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Yaya da iyalinshi na can ƙetaren duwatsu, layinsu na tafiya da sauri. Mun yi layi bakwai ta tsaya, ta dafa ƙugu. Da a ce bara ne da ta cije ta ci gaba, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Ta ce, “Malam, ya isa haka yau.”

Ta tafi gindin gawo ta zauna, rana ko tsaka ba ta yi ba. Na ga Yaya ya ɗago yana kallo. Na ɗauki ƙwaryar irin na rataya a wuya, na ci gaba da sara ina zubawa da kaina.